Ɗan Farina a Sashen Kakarsa

A garinmu mace ba ta yi wa ɗan farinta rawar kai. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce mai fara tashi ba. In aka tambaye ta yaya yaro, sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da hannu a tukunyar miya. Haka muka tarar, haka na yi, kuma ba zan ɓoye ba, na yi fice a wannan fanni. Har misali ake bugawa da ni a unguwa, ana ce wa amaren yanzu su zo su koyi kunya a wurina. Ni kuwa ina jin daɗi, ina ƙara sunkuyar da kai.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Makoda. Gonaki da gidaje a cakuɗe suke, in ka tsaya a bakin gonarmu da hantsi kana jin dakan ƙauye uku. Maigidana manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, ni kuma sana'ata matsar mai da tuyar ƙuli. Gidanmu sashe biyu ne, namu da na mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Darnin kara ne kawai ya raba mu, in ta yi atishawa ina ce mata yarhamukillah.

Inna mace ce mai raha da baki, ga son jika kamar ta haɗiye shi. A gidan iyayena na haihu, can na yi wankan jego, sai bayan arba'in aka dawo da ni. Tun daga ranar ta amshe yaron, tana kiransa angonta. Ni dai nono ne nawa. In ya ƙoshi na miƙa shi ta saman darni ba tare da na kalli fuskarsa ba, wato in akwai ido a kusa.

Yana wata huɗu kansa ya fara girma fiye da jikinsa. Hular da aka saƙa masa ta suna ta ƙi shiga, aka sayo wata, ita ma sati uku ta yi. Maɗigarsa ta cika ta yi tauri, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a goshinsa. Inna tana dariya tana cewa angonta kan malamai ya ɗauko, ko'ina aka je shi zai ja salla. Na ga abin, kuma raina bai kwanta ba, amma ban ce komai ba. Allah ya taimake mu da wata nas a wurin allurar rigakafi. Ita ta zagaya kansa da tef irin na teloli, ta duba katinsa, ta sake aunawa, sannan ta ce gobe-goben nan a kai shi babban asibiti a birni.

A can muka ji sunan ciwon. Likita ya ce kowane ɗan Adam akwai ruwa a cikin ƙwaƙwalwarsa, kullum ana yin sabo, tsohon yana bi ta wata 'yar siririyar hanya jiki ya shanye. Ta yaronmu ce ta toshe, ruwan ya rasa mafita yana ta tura ƙashin kai. Aka yi masa tiyata, aka sa wata roba siririya a ƙarƙashin fata, daga kai ta bayan kunne, ta gangaro wuya har cikin cikinsa, don ruwan ya riƙa tsiyaya can. Inna ce ta yi jinya, ita ta ji duk bayanin, ita aka koya wa abin da za a lura da shi. Ni ina bakin ƙofar ɗaki da mayafina, sai an ce a zo a ba shi nono nake matsowa.

Aikin ya yi kyau. Kai ya tsaya, yaro ya fara zama, ya yi rarrafe duk da kan yana rinjayarsa, ya fara kama bango. In babu kowa a gida nakan bi robar da yatsa daga bayan kunnensa zuwa ƙirji, ina jin ta kamar tsinken tsintsiya a ƙarƙashin fata, shi kuma yana ƙyalƙyala dariya don cakulkuli yake ji. Wannan ne kaɗai wasan da muke yi, kuma da na ji sallama nake ture shi gefe.

Da ya kusa shekara biyu aka yaye shi. Yaye a wurinmu na kaka ne, balle na ɗan fari, wanda sau da yawa in ya tafi ya tafi ke nan, can zai girma. Aka ɗauke tabarmarsa da 'yan rigunansa zuwa sashen Inna. Lokacin kaka ne, ana cirar gyaɗa, gida cike da mata masu ɓara da masu sayen mai. Na kafa kaskon tuyata a gindin darni, daidai wata kafa da akuya ta ɓula, na ce wa mutane hayaƙi ne ya dame ni a wancan gefen.

Ta wannan kafa na ga komai. Kwana na farko da na biyu kuka ne na nono, wannan na sani. A na uku ya yi amai da sassafe, tun bai sa komai a baki ba, aman ya yi tsalle ya faɗi nesa da shi. Washegari ya sake. Sai ya daina bin kaji, ya koma zama wuri ɗaya yana dafe ƙeya da hannu biyu. Cikinsa ya fara tasowa yana sheƙi, alhali kunun da ake ba shi rabin ludayi yake sha. A kwana na bakwai na lura ƙwayar idonsa ta nutse ƙasa, farin ya fito a sama, in Inna ta kira shi sai ya ɗaga haɓa gaba ɗaya kafin ya gan ta.

Inna ba sakaci ta yi ba, wannan ina son a sani. Ta yaye 'ya'ya da jikoki da yawa, kuma duk wanda aka cire daga nono yakan rame, ya yi amai, ya yi fushi da duniya. Ta ce ciwon yaye ne, ta jiƙa masa saiwa, ta dama masa kunun kanwa, tana goye da shi tana yi masa waƙa. Bayanin da aka yi mata a asibiti ya shekara da rabi, ya bi iska. Ni da nake bakin ƙofa a ranar, ni ce na riƙe shi kalma-kalma.

To, me ya hana ni magana? Na sha yi wa kaina wannan tambaya, kuma amsar ba ta da daɗi. Tsoro nake a ce ga wadda ake yabo ta zubar da kunya, ta tsallaka darni ta je tana koya wa surukarta reno. Sau ɗaya na ce wa maigidana, ina kallon bango, “Ɗan gidan Inna kamar ba ya jin daɗi.” Ya ce ai Inna ta ce yaye ne. Na ce to. Kwana goma sha ɗaya na yi ina juya ƙuli a kasko ina kallon ɗana yana dusashewa, don kar matan unguwa su yi da ni. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Ran kwana na goma sha ɗaya rana ta take, yaro bai farka ba. Inna ta tashe shi ya buɗe ido ya sake lumshewa. Ko a nan bakina bai buɗe ba. Abin da na iya shi ne na ciro katin asibitinsa daga ƙasan adaka, na ɗora a kan faifan da na rufe abincin maigidana, na aika masa zaure. Ba a yi minti biyar ba na ji ya tayar da babur. Shi da Inna da yaron suka yi gaba zuwa bakin titi, ni na bi su a ƙasa ta cikin gonaki ina tuntuɓe da kunyoyin gyaɗa, na tarar da su bas tana shirin tashi. Ba wanda ya ce in zo, ba kuma wanda ya ce in koma.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa da na cikinsa, aka ɗebi jini, aka kwantar da shi. Da la'asar likitan ya kira mu ofishinsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Maigidana da Inna suka zauna a kujeru, ni na rakuɓe a jikin ƙofa inda na saba.

Ya ce robar ta daina aiki. Cikin yaron ya ƙi shan ruwan, ya tara shi wuri guda kamar a jaka, shi ya sa ya kumbura, shi kuma na kai ya koma taruwa. Mayar da roba cikin ba zai yi ba yanzu. Saura hanya biyu. Ta farko, a sauya wa robar mazubi, a sa bakinta a cikin babbar jijiyar wuya da ke gangarawa zuciya, ruwan ya bi jini. Tana aiki, yara da yawa suna rayuwa da ita, amma roba ce dai, tana iya toshewa ko ta ɗauki ƙwayar cuta, kuma in yaro ya yi tsawo sai an sake ta. Ta biyu, a cire robar baki ɗaya. A shiga da wani ɗan bututu mai ido ta ƙaramar kafa a kai, a huda wata 'yar ƙofa a ƙasan inda ruwan ya taru, ya kewaye wurin da ya toshe ya koma hanyarsa ta asali.

Maigidana ya ce, “To ai likita wannan ta biyun ita ce magana.”

“Ba kowane yaro take karɓa ba,” in ji likita. “In toshewar da ita aka haife shi, akwai kyakkyawan zato. In kuwa wani zazzaɓi mai zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwar yana jariri, to hanyoyin da ke gaba ma sukan lalace, ko an huda ruwan ba shi da wurin zuwa. Hoton ya nuna mini wani abu, amma bai gaya mini duka ba. Inna, a kwanakin jego, ya taɓa zazzaɓi mai tsanani? Ya taɓa sanƙarewa ko jijjiga?”

Inna ba ta son a tambaye ta abu ta ce ba ta sani ba, balle a kan angonta. Ta gyara zama ta ce, “Likita, wane jariri ne ba ya zazzaɓi? Ya yi mana, sosai ma. Ina jin har da 'yar jijjigar.”

“Wannan ciwon na yanzu fa, yaushe ya fara?”

“Shekaranjiya ne ya yi tsanani. Kafin nan rigimar yaye ce kawai.”

Likita ya ɗauki biro ya fara rubutu, yana cewa in haka ne gara a bi ta jijiyar wuya. Na ga bakin biron yana tafiya a kan takarda. Inna ba ta nan a kwana arba'in ɗin, sau ɗaya ta zo ran suna ta koma. Ni ce na kwana da shi na tashi da shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, kuma muryar da ta fito ta fi ƙarfin ɗakin.

“Bai yi ba.”

Duk suka juyo. Likita ya ce, “Wace ce wannan?”

Maigidana ya tsura wa takalminsa ido. Amma an riga an fara.

“Ni na haife shi,” na ce. “Bai yi zazzaɓi ba, bai yi jijjiga ba, ko sau ɗaya. Cibiyarsa ta faɗi ran kwana shida, ba ta yi ruwa ba. Nono bai taɓa ƙi ba. Kuma wannan ciwon yau kwanansa tara, ba biyu ba.”

Daga nan kuma sai abin ya ɓalle. Na faɗi ranar da ya fara amai da yadda aman yake fita, da ranar da ya daina bin kaji, da hannun da yake fara kai wa ƙeya, da ranar da idon ya nutse, da yawan ludayin kunun da ya sha kowace safiya. Har sunansa na faɗa, sau biyu, a gaban uwar mijina. Likita ya ajiye biron, ya jawo wata kujera da ƙafarsa ya ce in zauna. Ya yi mini tambayoyi sun fi ashirin, ba wadda na ce ban sani ba.

Ya sake ɗaga hoton a jikin fitila ya daɗe yana dubawa. Ya ce abin da na faɗa ya yi daidai da abin da yake gani, kuma shekarun yaron sun kai a gwada. Bai yi mana alkawari ba. Ya ce ƙofar da za a huda tana iya rufewa, bayan wata ko bayan shekaru, in ta rufe a koma maganar roba. Don haka dole a sami mutum ɗaya da zai riƙa duba yaron kowace safiya, wanda in ya ga alama ba zai jira kowa ba. Maigidana ya sa hannu a takarda. Kafin ya sa, ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba a gaban mahaifiyarsa, na gyaɗa masa kai.

Da muka fito ban iya haɗa ido da Inna ba. Na ƙaryata ta a gaban baƙo, na zubar da abin da take alfahari da shi a kaina. Washegari da safe aka shiga da shi. Muka zauna a benci ɗaya, ita a wannan ƙarshe da carbinta, ni a wancan, tsakaninmu ƙwaryar furar da ba wanda ya taɓa. Wajen azahar wata nas ta fito ta ce an gama, yana numfashi da kansa. Inna ta yi sujada a kan simintin nan.

Kwana biyu yana barci yana farkawa. A na uku ya buɗe ido sosai, ƙwayar ta dawo tsakiya, ya bi fankar sama da kallo ba tare da ya ɗaga haɓa ba. A na biyar ya fizge cokali daga hannun Inna ya ce shi ƙuli yake so. Nas ta ce ba yanzu ba, ya yi mata tsawa da 'yar muryarsa, duk ɗakin aka yi dariya. Ɗinki biyu ne a jikinsa, ɗaya a kai ɗaya a ciki inda aka zare robar. Na bi bayan kunnensa da yatsa, babu komai sai fata.

Ranar da aka sallame mu mun iso gida da yamma, mata sun cika tsakar gida suna barka. Labarin abin da na yi a ofishin likita ya riga mu isowa, na gani a idanunsu. Na shige ɗakina na zauna a bakin gado ina jiran abin da zai biyo baya. Can sai ga Inna ta ɗaga labule, yaron a bayanta, tabarmarsa a naɗe a hammata, rigunansa a ƙulle a ɗankwali. Ta sauke shi a kan gadona.

Na durƙusa na ce, “Inna, ki yafe mini. Don Allah kar ki yi fushi ki dawo da shi. Mutane za su ce na ƙwace.”

“Tashi,” ta ce. Ta zauna a kan tabarmar da ta kawo, ta miƙe ƙafa, ta daɗe tana murza gwiwarta. Na san an ce ta yi wani ɗa kafin maigidana, bai yi rai ba, amma ban taɓa jin zancen a bakinta ba, ba kuma wanda ya taɓa ji.

“Nawa na farin a ɗakin uwar mijina ya rasu,” ta ce. “Gudawa ce. Kwana shida ina daka a tsakar gida ina jin kukansa yana raguwa. Na ga idonsa ya faɗa, na ga bakinsa ya bushe. Na san a kai shi asibiti ya kamata, ban faɗa ba. Da aka fito da shi ko hawaye ban yi ba, aka yi ta yabona.” Sannan ta faɗi sunan ɗan nata, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe ba ta ci ba. Ta goge ido da bakin zane ta miƙe.

A bakin ƙofa ta tsaya ta ɗaga murya yadda duk tsakar gidan zai ji. “Ni na mayar mata da ɗanta. Likita ya ce a sami mai ido, ni kuwa nawa sun tsufa. Wadda ke da magana ta same ni a ɗakina.” Ba wadda ta je.

Yanzu shekararsa bakwai. Kansa ya ɗan fi na tsaransa, hular babansa yake sawa ran Juma'a, kuma a gudu kullum shi ne na baya, abin da ba ya hana shi cika baki. Ya shiga aji biyu, yana karanta mini rubutun jikin buhun taki ko ban tambaye shi ba. Muna komawa asibiti lokaci-lokaci a duba shi, har yau ƙofar nan ba ta rufe ba. Na san tana iya rufewa, na kuma san hanyar tasha.

Kowace safiya kafin ya tafi makaranta nakan tsayar da shi a tsakiyar gida, ko da wa ke nan, in riƙe fuskarsa da hannu biyu in ce ya dubi sama, ya dubi ƙasa, in tambaye shi ko kai na ciwo. Yana tura baki yana cewa zai makara. Inna ta tsufa sosai, ba ta cika fitowa ba, amma tana jin fitarsa take ɗaga murya daga ɗakinta.

“Yaya kika gan shi yau?”

“Lafiya lau, Inna.”

“To madalla,” sai ta ce. “Kawo mini kokona.”